Yadda ake tuƙi a Tailan ba tare da ka kwashi ɗan mashin ba

Duk wanda zai karɓi makullin mota a Tailan, ko ɗan kasuwa ne da ya je sarin kaya kasuwar Pratunam ta Bankok, ko mai harkar duwatsu a Chanthaburi, ko wanda ya kai mara lafiya asibiti a Bankok ya samu 'yan kwanaki yana son ya leƙa gari, abu ɗaya ya kamata ya fara shiga kansa: a titin ƙasar nan kowa gabansa yake kallo. Ɗan mashin ɗin da zai fito daga lungu ba zai waiwayo ya duba ko kana tafe ba, ya riga ya yanke cewa tunda kai ne a baya kai za ka gan shi ka kauce. Haka direban tasi, haka tsohuwar da ta ɗauko jikoki biyu a babur. To kai ma na bayanka haka yake lura da kai, shi ya sa duk abin da za ka yi da mota a can ka yi shi a hankali kuma ka nuna tun da wuri, don wanda ke bayanka ya samu lokacin karanta ka.

Kuma maganar ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta sama da mutum 22,000 ke mutuwa a titunan Tailan a shekara, kuma kashi 74 cikin 100 ɗinsu masu babur ne da masu ƙafa uku. Wato idan tsautsayi ya gitta, kusan ko da yaushe akwai mashin a ciki.

Takardu tun daga gida

Ka yi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa kafin ka hau jirgi, ka haɗa shi da lasinka na gida da fasfo, ukun nan tare suke tafiya. Ka buɗe shi ka duba rukunin da aka buga maka hatimi, don wanda aka buga wa na mota kawai ba shi da izinin hawa babur, ko da ɗan ƙarami ne. Mai ba da hayar mashin ba ruwansa, kuɗinka yake so, zai miƙo maka makulli ko bai ga komai ba, amma ɗan sanda zai tambaya, kamfanin inshora ma ranar da abu ya faru shi ne abin da zai fara nema don ya zame. Idan zama za ka yi na watanni, je ka ofishin sufurin ƙasa ka yi lasinsu, na farko shekara 2 yake yi.

Wajen karɓar mota

Ka nemi mai otomatik ko da ka saba da manuwal, dalili shi ne sitiyari a dama yake, giya kuma da hannun hagu za ka sa ta, ba ka buƙatar wannan ƙarin aikin a kanka. Ka tambayi inshora wace iri ce. Akwai ta dole da kowane abin hawa ke da ita, suna ce mata Por Ror Bor, ita jikin mutum kawai take ɗauka kuma abin da take biya yana da iyaka, ba ta gyara ko madubi. Abin da kake so shi ne inshora mai daraja ta ɗaya, ka kuma ji nawa ne kason da za ka biya daga aljihunka idan an samu ɓarna, a rubuta maka. Lambar wayar kamfanin inshorar ka adana ta a wayarka tun kana tsaye a wurin.

Sai ka kunna kyamara ka zagaya motar da bidiyo, ƙasan bamba, bakin tayoyi, gilas, rufi, ma'aunin mai, ma'aikacin yana tsaye yana gani. A jikin gilas na gaba akwai 'yar takardar haraji mai manyan lambobi huɗu, kar ta ruɗe ka, kalandarsu ta addinin Buda ce, ta wuce ta Miladiyya da shekara 543, wato 2025 ita ce 2568. Idan lambar ta riga ta wuce to takardar ta mutu, ka ce a canza maka mota. Fasfo kuma kar ka bar wa kowa a matsayin jingina, ka ba da kwafi da kuɗin ajiya. Wanda ya dage sai fasfo ka yi gaba, shaguna ba sa ƙarewa. In motar ba ta da kyamarar gaba ka sayi 'yar mai arha ka manna, ita ce shaidarka a ƙasar da ba ka jin yarenta.

Koma hannun hagu

Najeriya ta bar tuƙin hagu tun 1972, Gana 1974, Nijar kuwa dama can a dama take, saboda haka jikinmu gaba ɗaya dama ya sani. Dabarar da ta fi sauƙi: kai direba kullum kai ne kusa da layin tsakiyar titi. Da ka ga kanka a gefen kwata ko gefen shaguna, to ka shiga hannun wasu. Cikin cunkoso ba a cika yin kuskure ba tunda kana bin na gaba, inda ake yinsa shi ne fitowa daga gidan mai, ko daga otal da asuba titi fayau ba kowa, hannu ya koma abin da ya saba. A irin wuraren nan ka tsaya cak ka ce wa kanka hagu da baki, ba abin kunya ba ne.

Kwanar hagu ita ce gajeriya, kwanar dama ita ce wadda kake tsallake motoci masu zuwa. Shataletale ana zagaya shi ta hagu, kana ba na dama hanya. Sandar sigina a yawancin motocin Japan da ke can tana dama, ta waifa tana hagu, za ka yi ta share gilas da rana tsaka kana nufin sigina, kowa ya yi, ka dai gwada su a wurin fakin kafin ka fita. Kuma ka tuna jikin motar yanzu a hagunka yake, sabon shiga yakan matse hagu ba tare da ya sani ba, nan ne kuwa layin 'yan mashin.

Ranar farko kar ka fara da tsakiyar Bankok. A gaskiya ni ban ga dalilin da baƙo zai tuƙa mota a cikin Bankok ba sam, ga jirgin ƙasa mai bi ta kan gada na BTS ga na ƙarƙashin ƙasa MRT ga tasi da Grab, manhajar kiran mota ta waya. Mota ta fita wajen gari ce.

'Yan mashin

Nan aikin yake. Wanda ya san Kano kafin a hana acaɓa a 2013 zai ɗan gane abin da nake nufi, sai dai na can sun fi yawa kuma ba ƙara suke yi ba, ƙananan babura ne masu otomatik, sai dai ka ga mutum a gefen ƙofarka. Akwai 'yan haya masu riga ruwan lemo da lamba a baya da ke tsayawa bakin lunguna, akwai masu kai abinci na Grab da Line Man da akwati a baya, ido ɗaya a titi ɗaya a waya, akwai 'yan makaranta uku a kan babur ɗaya ba hular kwano, akwai masu sayar da abinci da suka haɗa wa babur keken gefe da tukunya tana tafasa a kai suna tafiya kamar ba sa so.

Dokarka ta farko: ka ɗauka kullum akwai mashin a hagunka ko ba ka gan shi ba. Za ka yi kwanar hagu? Sa sigina tun da nisa, rage gudu, duba madubin hagu, juya kai ka duba ta gilas ɗin baya, sannan ka matso gefen titi sannu sannu har ka rufe ratar da babur zai iya shiga, sai ka yi kwanar. In ka bar rata ka karya kan mota farat ɗaya, wanda ke zuwa miƙe ta gefenka cikin ƙofarka zai shiga. Za ka yi kwanar dama? Bayan ka gama duba masu zuwa ta gaba, ka sake duba madubin dama, don akwai wanda zai zo ya wuce ka ta dama daidai lokacin da siginarka ke wuta.

Ta biyu, bin wanwe. A manyan hanyoyin da aka raba da shinge, wurin juyawa yana iya yin nisa, to mutumin ƙauye da zai je shagon da ke bayansa kaɗan ba zai zagaya ba, sai ya biyo gefen titi ta hannunka yana fuskantarka. Doka ta hana, tara ce har bat 2,000 (bat ne kuɗin ƙasar), amma kullum ana yi, har a-kori-kura kan yi. Saboda haka duk lokacin da za ka fito daga lungu ko gidan mai ka shiga babban titi, ba dama kawai za ka duba ba inda motoci ke zuwa, ka duba hagu ma, sannan ka sake duba dama. Kan dakalin masu tafiya a ƙasa ma ka duba, suna bi ta nan.

A danja kuma za ka ga sun ratso ta tsakanin motoci sun cika gaba kamar ƙudan zuma. Yawancin danjojin suna da agogo mai ƙirga sakan, yana saura biyu ko uku sun fara tashi, su kuma na ɗaya ɓangaren masu son su wuce da ƙarshen wuta ba su gama wucewa ba. Kai dai kore ya kawo ka ɗan jinkirta, bar su su watse, duba hagu da dama, sannan ka taka. Ba wanda zai danna maka hon a kan sakan biyu. Cikin gosulo ka tsaya a tsakiyar layinka kar ka riƙa lilo, ratar da ke tsakanin motoci hanyarsu ce, in ka toshe ta za su bi ta inda ba ka zata ba. Kuma kafin kowa ya buɗe ƙofa, kai ko fasinja, ko da a jikin dakali kuka tsaya, a waiwaya a duba. Yara ka sa musu makullin ƙofar baya.

In za ka wuce babur ka ba shi fili sosai, musamman tsofaffi da masu kaya, don yana iya kaucewa rami ko kare ba sigina. Karnukan titi sun yi yawa a can, suna kwanciya kan kwalta abinsu.

Abin da fitila da hon ke nufi

A gida wani in ya yi maka fulashin cewa yake bismilla shige. A Tailan ka karanta shi akasin haka, mai fulashin cewa yake ina tafe ba zan tsaya ba. In kana jiran shiga titi ka ga an haska maka, zauna inda kake. In kana layin dama na bayanka ya haska, koma hagu idan da fili ka bar shi ya wuce.

Hon kuwa ka cire hannunka daga kai. Mu mun saba da shi kamar gaisuwa, can za ka zauna cikin gosulo mai tsawon gaske ba ka ji ko ɗaya ba. Ɗan taɓawa sau ɗaya don babur ya san kana nan ba laifi, amma dogon hon zagi ne, kuma mutumin da ka kunyata gaban jama'a yana iya biyo ka. Mutane ne masu fara'a da kawaici, sai dai in ransu ya ɓaci abin ba ya zuwa da kyau, kuma bindiga ba ta da wuya a ƙasar. Wani ya yanke ka, ƙyale shi. Kai ka yanki wani, ɗaga hannu ka ɗan sunkuyar da kai, magana ta mutu. In kana hawan dutse ka ji motoci na ta hon a wata kwana ba dalili, wurin ibadarsu ne a gefen hanya suke gaisarwa, ba da kai ake ba.

Wasu suna kunna dobul sigina a mararraba don su ce miƙewa za su yi, matsalar ita ce kai da ke gefe fitila ɗaya kake gani sai ka zata kwana zai yi, don haka ka jira ka ga inda tayar ta nufa. Direbobin manyan motoci kuma in kana bayansu a hanya mai layi biyu, siginar hagu tana nufin gaba ba kowa wuce, ta dama tana nufin kar ka fito. Taimako ne, amma kar ka jingina ranka da shi, wataƙila kwanar gaske zai yi. Ganye ko reshe a kan titi ka san wannan, mota ta lalace a gaba.

A mararrabu da yawa layin hagu na masu kwanar hagu ne kuma suna wucewa ko danja ta yi ja, wasu wuraren kuma an hana, allon da Tayanci aka rubuta. In miƙewa za ka yi kar ka tsaya a layin nan ka tare mutane. In kwana za ka yi kuma ba ka gane allon ba, ka lura da abin da motocin gabanka ke yi, in kai kaɗai ne ka jira kore.

Wurin tsallakawar masu ƙafa shi ma sai da lura. A Janairun 2022 wani ɗan sanda a kan babban babur ya kashe wata likitar ido a kan zanen tsallakawa a titin Phaya Thai, abin ya tayar da ƙura sosai, kuma a shekarar aka ɗaga tara, rashin tsayawa a zanen, keta danja da wuce ƙa'idar gudu duk suna kaiwa bat 4,000. Duk da haka da yawa ba sa tsayawa, to in za ka tsaya ka fara taka birki tun da nisa don na baya kar ya shige ka, kuma kar ka yafito mai tsallakawa da hannu, kai ka tsaya amma babur ɗin da ke layin kusa da kai bai tsaya ba.

Babbar hanya da wurin juyawa

Titunansu masu kyau ne, shi ne ma abin da ke ruɗar mutum ya taka. Motorway 7 daga Bankok zuwa Pattaya ana yin 120 kuma babur ba ya hawa, nan ne wuri mafi sauƙi da za ka saba da mota. A tolget ka bi layin kuɗin hannu, ka bar na Easy Pass da M-Flow masu cire kuɗi ta na'ura sai in kamfanin haya ya ce motar na da su. Sauran hanyoyi ka bi allo, kyamarori suna nan.

Abin tsoro a hanyoyi irin su Mittraphap mai zuwa arewa maso gabas ko Phetkasem mai zuwa kudu shi ne wurin juyawa da aka yanka a tsakiyar titi. Mai juyawa yana tsayawa ne a layin dama, layin masu gudu, sannan ya fito ya shiga layin gudu na ɗaya ɓangaren daga tsaye, tirela kuwa sai ta cinye layi biyu ko uku. Da ka hango allon juyawa ka ɗaga ƙafa daga totur, in akwai layi uku ka zauna na tsakiya, dama masu juyawa, hagu babura da masu wanwe. In kai ne za ka juya ka jira rata ta gaske, ka duba babur ɗin da ya laɓe a gefenka yana son ya juya tare da kai, in kuma akwai gadar juyawa ta sama ko ta ƙasa a gaba gara ka ƙara tafiyar ka bi ta. Bas ɗin haya farare da a-kori-kura masu manne maka a baya, ba su hanya kawai. Titin Rama II mai fita Bankok zuwa kudu ya daɗe cikin aiki kuma an sha samun kayan gini sun faɗo kan motoci, ka bi shi da rana ido buɗe.

Hanyoyin dutse kamar ta 1095 daga Chiang Mai zuwa Pai mai lanƙwasa 762, ko gangaren Patong a Phuket, sa ƙaramar giya wajen gangara kar birki ya ɗau zafi, kuma kowace kwana ka matse hannunka don na gaba yana iya yanko layinka. Nan baƙi 'yan yawon buɗe ido da ba su taɓa hawa babur ba suka fi yawa, sun fi 'yan gari haɗari nesa ba kusa ba. A dajin Khao Yai in giwa ta fito titi ka tsaya nesa, ba hon ba fulashin, injin a kunne.

Lokacin da ba a fita

Dare, musamman a karkara. Babura marasa danjar baya, tirelolin rake da aka faka ba fitila, ga masu dawowa daga mashaya, kai ba ka sha ba amma hanya ɗaya kuke bi. Ka tsara tafiya ka isa masauki kafin magariba. Sai kwanakin da gwamnatinsu da kanta ke kira kwanaki bakwai masu haɗari, na sabuwar shekara da na bikin Songkran, 13 zuwa 15 ga Afrilu, inda ɗaruruwa ke mutuwa cikin mako guda, ana watsa wa masu babur ruwa da bokiti suna cikin tafiya. Wannan makon ka ajiye makulli.

Damina daga wajen Mayu zuwa Oktoba ce. Ruwan farko yana taso da maiƙon kwalta titi ya yi santsi, kunna fitila, ninka ratar da ke gabanka, ka kuma sani 'yan mashin suna fakewa ƙarƙashin gada har su cinye rabin layi. Gajiya ta zo ka shiga gidan man PTT, akwai banɗaki da shago da wurin shayi, wasu ma da ɗakin salla musamman in ka nufi kudu.

In kai ne kan babur

Wanda bai iya ba tun a gida kar ya koya a can. Wanda ya iya, hular kwano mai rufe haɓa ka ɗaure igiyar, kai da wanda ka goya, tarar rashinta tana kai bat 2,000. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ka guji shiga hagun tirela ko bas a kusa da kwana, direban ba ya ganinka. Yashi a kwana da birkin gaba shi ke kayar da yawancin baƙi, rage gudu kafin kwanar kar ka bari sai kana cikinta.

Shinge da haɗari

A shingen 'yan sanda sauke gilas, yi murmushi, miƙa lasi. In tara ce ka karɓi takarda ka biya a ofis a ba ka rasit. Bel kowa ya ɗaura har na baya, waya kuma a maƙale take ba a hannu ba.

In Allah Ya kawo tsautsayi, tsaya, kar ka gudu, a dokarsu wanda ya gudu ana ɗaukarsa shi ne mai laifi. Kunna dobul sigina. In akwai rauni kira 1669 motar asibiti, 191 'yan sanda, 1155 'yan sandan baƙi masu jin Turanci, a babbar hanya kuma 1193. Sau da yawa 'yan agajin sa kai irin na Poh Teck Tung ko Ruamkatanyu ne za su fara isowa, aikinsu ne, bar su su yi, kar ka ɗaga wanda ya faɗi ko ka cire masa hula. Ɗauki hoto ta kowane ɓangare da lambobin mota kafin a matsar da komai, sannan kira kamfanin haya da na inshora. Za su turo wakili, yawanci a kan babur yake zuwa, shi zai yi magana da ɗaya ɓangaren a madadinka. Kafin ya iso kar ka ɗaga murya, kar ka ce laifina ne, kar ka zaro kuɗi a bakin titi, kar ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba sai an fassara maka. Akwai al'adar mai babbar mota ya ɗan taimaka wa mai babur da kuɗin magani ko da ba shi da laifi, in za ka yi to a gaban wakilin inshora ko a ofishin 'yan sanda, a rubuce.

Fakin ma ka kula, bakin titi mai fentin ja da fari ba a tsayawa, suna ɗaure taya. A manyan shaguna in wuri ya cika aka nuna maka ka faka a bayan wasu motoci, ka miƙar da tayoyi, ka bar giya a firi ba birkin hannu, don mai fita ya tura motarka gefe. Ranar mayar da mota ka cika tanki da irin man da aka rubuta a murfin, yawanci gasohol 91 ko 95, riƙe rasit, sake yin bidiyo a gaban ma'aikacin, ka kuma tambaye su yadda suke yi da tarar kyamara da kan iso bayan makonni, don daga katinka ko kuɗin ajiyarka za su cire.